Ajin A da Ajin C: Ina Adalci Yake Wajen Raba Ɗaliban Sakandare?





An nemi in yi magana a kan wani hukunci da kusan kowane shugaban sakandare yake yankewa a makon farko na shekarar karatu, sau da yawa a zama guda. Sababbin ɗalibai sun iso, aji ɗaya ba zai ɗauke su ba, dole a raba su. To da me za a raba? Wani shugaban sai ya ɗauko takardar sakamako, ya tsame na sama ya zuba a ajin A, masu bi musu a B, ragowar a C ko D. Wani kuma sai ya gauraya su, kowane aji ya samu haziƙansa da masu rauninsa. Kowannensu yana ganin adalci ya yi. Mai rabawa zai ce maka, don me zan tsayar da yaro mai ƙoƙari yana jiran wanda bai iya rubuta sunansa ba? Mai gaurayawa kuma ya ce, wa ya ba ni ikon yanke wa ɗan shekara 12 hukuncin cewa kansa ba ya ja?

Bari in faɗi matsayina tun yanzu, don ku auna hujjojina da shi. Raba yara tun suna ƙanana, a dukkan darussa, rabuwar da ba a dawowa daga gare ta, zalunci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Amma wanda ya cusa yara 100 a ɗaki guda, ya miƙa wa malami ɗaya alli ya juya baya, shi ma bai sauke nauyin da ke kansa ba.

Zan daɗe a Ingila, domin daga can muka gaji ajin A da ajin B, da jarrabawar shiga sakandare, da makarantar zaɓaɓɓu, kuma sun riga mu ganin abin da tsarin yake haifarwa. A 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar ilimi da ake jingina wa minista R. A. Butler. Dokar ta mayar da karatun sakandare kyauta ga kowane yaro a Ingila da Wales, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai tsarin da aka gina a kanta ya kasa yara gida-gida. Yaro yana kai shekara 11 sai ya zauna jarrabawa guda. In ya ci, ya tafi makarantar da suke kira Grammar, hanyar jami'a ke nan. In ya faɗi, ya tafi wadda suke kira Secondary Modern, inda akasarin yara ke ajiye karatu a shekara 15 su kama aiki. An tanadi gida na uku, makarantun koyon fasaha, amma ba a gina su da yawa ba, saboda haka a zahiri ƙofa biyu ce. Wajen yaro ɗaya cikin huɗu ko biyar ne yake samun ta farkon.

Waɗanda suka tsara wannan ba miyagu ba ne. Sun gaskata abin da masana halayyar ɗan Adam irin su Cyril Burt ke koyarwa a lokacin, cewa basira gado ce tsayayya, ana iya auna ta da jarrabawa tun yaro yana ƙarami. A ganinsu jarrabawar ma gata ce ga ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa, tunda ba ta tambayar sunan ubansa. Kuma gaskiya ne wasu 'ya'yan leburori sun bi ta wannan ƙofa sun zama likitoci da farfesoshi. Sai dai da shekaru suka tafi, ɓaraka ta fito fili. Yawan guraben Grammar ya bambanta daga yanki zuwa yanki, don haka makin da zai shigar da yaro a wannan gari ba zai shigar da shi a wancan ba. 'Ya'yan ma'aikatan ofis sun cika makarantun, 'ya'yan ma'aikatan masana'antu sun cika ɗaya ɓangaren. 'Yan mata kuwa, da yake a wannan shekaru sukan fi maza cin jarrabawar, a wurare da dama sai da suka ci maki fiye da na maza kafin a ɗauke su. A birnin Birmingham maganar ta kai kotun ƙoli ta lokacin, wadda ta yanke hukunci a 1989 cewa hukumar birnin ta nuna wa mata bambanci, saboda guraben da ta tanadar wa maza sun fi na mata yawa.

Akwai wani bincike da nake son kowane malami a ɗakin nan ya riƙe. Colin Lacey ya zauna a wata makarantar Grammar ta maza a arewacin Ingila, yana koyarwa yana lura, ya fitar da littafinsa Hightown Grammar a 1970. Ku tuna, duk yaron da ya shiga makarantar nan ya ci jarrabawar 'yan shekara 11, yawancinsu su ne ke na ɗaya da na biyu a firamarensu. Babu daƙiƙi a cikinsu. Amma da makarantar ta jera su aji na sama zuwa na ƙasa, cikin 'yan shekaru sai na ajin ƙasa suka fara juya wa karatu baya. Suka daina aikin gida, suka mayar da raina malami abin alfahari, wasu suka bar makaranta da wuri. Yaron da aka hana masa daraja ta hanyar karatu sai ya neme ta ta wata hanya, a wurin abokansa. Da mun ga waɗannan yara a shekararsu ta huɗu, da mun ce dama can ba 'yan karatu ba ne, rabon ya yi daidai. Alhali rabon ne ya mayar da su haka.

A 1965 sakataren ilimi Anthony Crosland ya aika wa hukumomin ilimi na yankuna takardar da ta nemi su haɗe makarantun, kowane yaron unguwa ya shiga sakandare ɗaya. Yawancin ƙasar ta bi. Amma rabon bai mutu ba, cikin makaranta ya koma: rukuni na ɗaya a lissafi, na biyu, har na biyar ko na shida. Farfesa Becky Francis da abokan aikinta sun bibiyi wannan a 'yan shekarun nan. A wani sakamako da suka fitar a 2019, sun duba ɗalibai sama da 9,000 a makarantu 46, suka kwatanta rukunin lissafin da aka saka kowane yaro da makin da ya zo da shi daga firamare. Kusan ɗaya cikin uku ba a inda makinsa ya nuna yake ba. Kuma kuskuren yana da alƙibla. Yiwuwar a jefa baƙar fata rukunin da ke ƙasa da makinsa ta ninka ta farar fata fiye da sau biyu, ta 'yan mata kuma ta fi ta maza. Sun kuma gano cewa malaman da suka fi ƙwarewa a darasin, rukunin sama aka fi tura su. Makarantun Grammar 163 da suka rage a Ingila har yau ana jayayya a kansu. Wani rahoton gidauniyar Sutton Trust na 2013 ya nuna cewa ƙasa da kashi 3 cikin 100 na yaran da suke ɗauka ne suka fito daga gidajen da talaucinsu ya kai a ba 'ya'yansu abinci kyauta a makaranta.

Wannan fa a ƙasar da kowane yaro ya yi firamare mai malami da littafi ke nan. Mu dawo gida mu tambayi kanmu, jarrabawar da muke raba yaran JSS1 da ita, me take aunawa? Da Turanci ake rubuta ta. Yaron da ya fito daga makarantar kuɗi, wanda aka fara yi wa Turanci tun daga nazare, mahaifinsa kuma yana biyan kuɗin lesin, ya gane tambayar tun kafin ya fara neman amsa. Yarinyar da ta yi shekara shida a ƙasa a firamaren ƙauye, wadda sai ta gama tallan safe take zuwa aji, tana iya lissafa canjin naira dubu a ka ba kuskure, amma jimlar Turancin da aka naɗe lissafin a ciki ta tsare mata hanya. Firamarensu da aljihun iyayensu muka auna, sai muka rubuta sakamakon a matsayin basira.

Sannan me ke biyo baya? Na koyar a makarantun da ake wannan rabo, kuma na san yawancinku kun ga abin da na gani. In malamin lissafi ɗaya ne ƙwararre, ajin A yake shiga. Ajin C sai ɗan bautar ƙasa ko ɗalibin da ya zo gwajin koyarwa, in sun tafi kuma darasin ya zauna babu kowa. In ana neman masu share fili ko ɗebo ruwa don baƙi za su zo, an san ajin da za a tayar. Ɗakin da iska ta yaye wa kwano, an san wa za a kai. A ɗakin malamai kana jin mutum yana tattara littattafansa yana cewa yau ajin daƙiƙai gare ni, kuma yaran sun san sunan da ake kiran su da shi. Ba a gama manhaja da su, amma ranar jarrabawar kammala ƙaramar sakandare takarda ɗaya za a miƙa musu da 'yan ajin A. In sun faɗi sai mu ce ai mun faɗa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk lamarin: yaron da ya fi kowa buƙatar malami shi muke ba mafi ƙarancin malami, sannan mu ɗora masa laifin abin da ya biyo baya.

Ƙasashen da suka jinkirta rabon sun ga amfani. Jamus, wadda ba ta jinkirta ba, tana raba yara tun suna shekara 10 a yawancin jihohinta, kuma da sakamakon jarrabawar PISA ta ƙasa da ƙasa ta 2000 ya fito, ya nuna tana cikin ƙasashen da matsayin iyaye ya fi tasiri a kan karatun ɗa. Poland ta ƙara shekara guda ta karatun bai ɗaya a 1999 kafin a raba yara, makinta na karatu a PISA ya tashi daga 479 a 2000 zuwa 508 a 2006. Masu bincike Eric Hanushek da Ludger Woessmann sun kwatanta ƙasashe da dama a 2006, suka ga cewa inda ake rabawa da wuri, tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa tana ƙaruwa daga firamare zuwa sakandare, ba tare da wata shaida cewa matsakaicin maki ya ɗaga ba.

Finland ce aka fi kafa hujja da ita. A da su ma suna raba yara a shekara 11. Daga 1972 zuwa 1977 suka sauya zuwa makaranta ɗaya ta shekara tara ga kowa, suka faro daga yankin Lapland a can arewa suna gangarowa kudu. Da yake sauyin bai zo ko'ina lokaci ɗaya ba, masana tattalin arziki sun samu damar kwatanta waɗanda suka yi tsohon tsari da waɗanda suka yi sabo, suka ga cewa ƙarfin da samun uba yake da shi wajen ƙayyade samun ɗansa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 1985 suka soke har rukunonin mataki da suka rage a lissafi da harsunan waje. Amma a faɗi sauran labarin. Ajinsu bai cika wuce yara ashirin da 'yan kai ba. Malaminsu sai da digiri na biyu. Kowane yaro yana cin abinci kyauta a makaranta tun 1948. Kuma akwai malamai na musamman da aikinsu shi ne su ɗauki yaron da ya fara santsi, su zauna da shi a ƙaramin rukuni har ya kamo sauran. Gaurayawar tasu a kan waɗannan ginshiƙai take tsaye, kuma duk da haka makinsu a PISA yana ta sauka tun bayan 2006.

A nan nake rabuwa da abokaina masu cewa a gauraya kawai, magana ta ƙare. Birnin San Francisco na Amurka ya gwada wani abu mai kama da haka a 2014. Da niyyar rage bambanci, hukumar makarantun birnin ta hana koyar da aljabara a aji na takwas, ta ce kowa ya jira aji na tara a fara tare. Iyaye masu hali suka biya wa 'ya'yansu darasin a waje, suka ci gaba abinsu. Masu bincike daga Jami'ar Stanford suka duba daga baya, suka tarar tazarar da ke tsakanin ƙabilu wajen kaiwa ga manyan darussan lissafi ba ta rufe ba. A 2024 aka janye tsarin. Wanda ya yi asara a tsakani shi ne haziƙin ɗan talaka, wanda ba shi da wani wurin samun darasin sai makarantar gwamnati. Irinsa suna da yawa a ajujuwanmu. Ya gama aikin da aka bayar cikin minti biyar, ya zauna yana kallon taga, babu littafi a gida, babu lesin. Shi ma amana ne a hannunmu.

Shaidar da ta fi kusa da halin da muke ciki daga yammacin Kenya ta zo. A 2005, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer suka yi aiki da makarantun firamare 121 da kowace ke da aji ɗaya cunkushe na 'yan shekarar farko. Aka ba kowace makaranta ƙarin malami don a raba ajin biyu. A kusan rabin makarantun aka raba yaran bisa makinsu, a sauran kuma aka raba su da ƙuri'a. Bayan wata 18, yaran makarantun da aka raba bisa maki sun fi samun ci gaba, na sama da na ƙasa duka, kuma ribar tana nan shekara guda bayan an gama shirin. Dalilin da masu binciken suka bayar kowane malami zai gane shi. In tazarar da ke cikin aji ta yi yawa, malami yakan bi na gaba, don su ne za su fitar da shi kunya ranar jarrabawa. In aka haɗa masa yara masu kusancin mataki, sai ya sauko inda suke.

Masu son ajin A da C sukan ɗauki wannan bincike su ce ga hujjarmu. Ina roƙonsu su karanta sharuɗɗansa. Firamare ce, ba sakandare ba. Da ƙuri'a aka raba malaman, ba a zaɓi gwani an kai sama ba. Manhaja ɗaya ɓangarorin biyu suke bi, babu wanda aka rufe wa wata hanya ta gaba. Kuma ko a can ɗin, an lura cewa malaman gwamnati sun fi shiga aji su koyar idan ɓangaren sama ya faɗo musu. Wato cutar da muke kuka da ita ta leƙo har cikin gwajin da ya yi nasara.

Abin da Kenya ta nuna, cewa a koyar da yaro daga inda ya tsaya, ba baƙo ba ne a wurinmu. Ku dubi makarantar allo. Kolo da titibiri da gardi suna zaune a tsangaya ɗaya, amma kowa da allonsa, kowa da inda karatunsa ya kai. Ba a yi wa yaro ƙari sai ya biya na jiya ya zauna, ba a kuma tsare mai saurin hadda don na kusa da shi bai wanke allo ba. Na gaba yana biya wa na baya. Matakin yaro a can abu ne da ke sauyawa duk mako, ba suna ne da aka liƙa masa ba. Makarantar allo tana da nata matsalolin da ba su ne batunmu yau ba, amma a wannan gaɓar ta riga makarantar boko gane wani abu.

Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta gina hanyar koyarwa a kan irin wannan tunani. Ana gwada kowane yaro baki da baki cikin 'yan mintuna: ya san baƙaƙe, ya iya haɗa kalma, ya iya karanta sakin layi, ya iya karanta labari? Sai a haɗa masu mataki ɗaya na awa ɗaya ko biyu a rana, sauran lokacin kowa yana ajinsa. Bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya wuce ya matsa gaba. An gwada hanyar da Hausa a makarantun firamare na ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Jihar Kano, an kuma gwada ta a Borno. Ban ga abin da zai hana a yi irinta a zangon farko na JSS1 ba, inda muka sani sarai cewa wasu yaran suna isowa ba su iya karatu ba ko da Hausa.

Singafo ma, wadda ba wanda zai zarge ta da wasa da ƙwazo, ga irin wannan tunani ta dawo. Ta fara raba yara hanya-hanya bayan rahoton Goh Keng Swee na 1979, don rage masu barin makaranta, kuma adadin ya ragu. Amma bayan shekara arba'in gwamnatin da kanta ta yarda cewa sunan hanyar ƙasa ya zama tabo a jikin yara. Daga 2024 ta daina saka sababbin ɗaliban sakandare a waɗancan hanyoyi. Yanzu aji gauraye yake, suna yin wasu darussa tare, sannan kowane yaro yana ɗaukar lissafi ko Turanci ko kimiyya a matakin da ya dace da shi cikin matakai uku, yana iya hawa in ya yi ƙoƙari. Yaro yana iya zama a matakin sama a lissafi, a na tsakiya a Turanci. Haka 'ya'yan mutane suke dama. Ajin A da C kuwa yana ɗauka cewa wanda ya yi rauni a abu ɗaya ya yi rauni a komai.

Saura rabon da ya fi kowanne nauyi a ƙasarmu, wanda ba mu cika kallonsa a matsayin rabo ba: shiga SS1. Ajin kimiyya, ajin kasuwanci, da wanda yara ke kira ajin at. A takarda, zaɓi ne bisa sha'awa da baiwa. A aikace, a makarantu da yawa, na sama ake kwashewa a kai kimiyya, wanda ya rage a tura shi at ko yana so ko ba ya so. An cuci ɓangarorin biyu. An mayar da adabi da tarihi da shari'a da harsuna juji, alhali daga nan alƙalai da lauyoyi da 'yan jarida da malaman harshe za su fito. An kuma rufe wa ɗan shekara 15 ƙofar likitanci da aikin jinya da injiniyanci, domin wanda bai yi fizis da kemistiri a WAEC ko NECO ba, JAMB ba za ta buɗe masa waɗannan fannoni ba. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da irin wannan mararraba bayan jarrabawar BEPC, inda ake shiga layin A ko C ko D. Kuma ku lura da 'yan mata a wannan gaɓa. Sau nawa aka ce wa yarinya ta bar kimiyya, wai ta yi mata nauyi, ko wai aure zai katse ta, a yankin da mata ke rasa likita mace da za ta duba su?

Za a ce mini, to makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa fa? Ai zaɓe ne da jarrabawa. Haka ne, kuma ba zan tsaya a nan in rage musu daraja ba. Jihar Kano ta buɗe su a 1977 a lokacin da 'yan asalin jihar da ke aikin likita da injiniya ba su taka kara sun karya ba, kuma sun yi abin da aka kafa su dominsa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi digirinsa na uku a kansu a Jami'ar Sussex. Ba kuma 'yan shekara 11 suke ɗauka ba, sai yaro ya ɗan yi nisa a sakandare. Tambayata biyu ce kawai game da duk makaranta irin wannan, har da ta haziƙai da gwamnatin tarayya ke da ita a Suleja. Wa yake samun labarin jarrabawar har ya zauna ta? Masu bincike David Card da Laura Giuliano sun nuna cewa a wata babbar gundumar makarantu a Florida, da aka daina jiran malamai da iyaye su miƙa sunan yaro aka koma gwada kowa da kowa, adadin 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata da aka gano haziƙai ne ya ƙaru sosai. Sannan me aka bar wa makarantar jeka-ka-dawo da aka tsame yaran daga cikinta? In ɗakin gwaje-gwaje da malamin kemistiri sun bi zaɓaɓɓu sun tafi, dubban da suka rage an yanke musu hukunci ba tare da sun zauna wata jarrabawa ba.

Na san akwai abin da ya fi ƙarfin shugaban makaranta. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a babbar sakandare, ku kuwa kun san adadin da ke cikin rajistarku. Wannan magana ce da za mu ci gaba da kai wa ma'aikatar ilimi da majalisa, kada mu gaji. Amma akwai abin da ke hannunku, wanda ba ya buƙatar kobo ko takardar izini. Ku gauraya ajujuwan ƙaramar sakandare, yadda harafin aji ba zai gaya wa kowa komai game da yaro ba. A lissafi da Turanci, inda tazara ta fi faɗi, ku jera darasin a sa'a ɗaya ga dukkan ajujuwan shekarar, don yara su rarrabu bisa mataki na wannan sa'ar kawai su dawo ajinsu. Ku sake gwaji kowane zango, ku tabbata akwai waɗanda suka matsa. In shekara ta zagayo babu yaron da ya hau, ku binciki tsarin kafin ku binciki yaran. Kafin a tura ɗalibi kimiyya ko at, a zauna da shi da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, a gaya musu da Hausa ƙarara abin da kowace hanya take buɗewa da abin da take rufewa, a kuma bar damar sauyawa har ƙarshen zangon farko na SS1.

Abu mafi wuya shi ne rabon malamai, don a nan za ku sha ƙorafi. Malamin da ya fi kowa iya lissafi zai ce an rage masa matsayi in aka ba shi rukunin ƙasa, iyaye masu faɗa a ji a ƙungiyar iyaye da malamai kuma za su zo ofis su ce a mayar wa 'ya'yansu shi. Iyayen yaran rukunin ƙasa ba za su zo ba, suna gona ko kasuwa, wasu ma ba su san akwai wani rabo ba. Shugaban makaranta ne kaɗai wakilinsu a wannan zama. Shawarata ita ce duk malamin da aka ba rukunin sama a wani darasi a haɗa masa da na ƙasa, shugaban sashe kuma ya fara da kansa, a liƙa jadawalin a allon sanarwa inda kowane uba zai iya karantawa.

 Allah ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane.